Silindar da Ba a Ji Rashinta Ba

A wani ƙauye da ke bisa dutse an yi wani mutum mai babbar mota. Tsohuwa ce, mai shan gas, mai bodin katako, kuma ita kaɗai ce motar da take hawa ƙauyen. Ranar kasuwa yakan sauko da mutane da buhunan dankalinsu zuwa garin da ke gindin dutsen, da la'asar kuma ya komo da su tare da gishiri da taki da kwanon rufi. Hanyar ɗaya ce, kuma a tsakiyarta akwai wata kwana inda dutse yake hannun dama, kwazazzabo yake hannun hagu. Duk wanda ya taɓa leƙa kwazazzabon nan sau ɗaya ba ya marmarin ya ƙara.

Mutumin yana da mata da 'ya guda, sunanta Afiniki, saboda haka Baban Afiniki kowa yake kiransa. Matarsa ita ce mai kaɗa tulu a zumuntar mata. Shi kuwa ba mugun mutum ba ne. Ba ya shan burkutu, ba ya faɗa da kowa, kuma duk Lahadin da ba shi da lodi za ka same shi a bencin baya na coci, kusa da ƙofa, ya rungume hannu. Ba ya waƙa, ba ya gyangyaɗi, ana cewa amin na ƙarshe ya riga kowa fita.

Wata safiya a cikin damina ya tayar da motar, ya bar ta a silo, wato tana aiki a tsaye ba a taka totur ba, don ta yi ɗumi. Sai ya ji abin da bai saba ji ba. Injin motar silinda shida gare shi, kowace tana bugawa a kan lokacinta kamar mata masu lugude. Yau kuwa akwai taɓaryar da ba ta sauka. Injin yana bugawa yana ɗingishi, sandar giya tana kaɗawa, madubi yana rawa har ba ya iya ganin fuskarsa a ciki. Daga salansa, wato bututun hayaƙi, wani farin hayaƙi yana fita mai warin ɗanyen gas, yana sa ido yaji.

Ya zauna riƙe da sitiyari, rawar motar tana shiga hannuwansa har kafaɗa.

Matarsa ta fito da tsintsiya a hannu, ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Baban Afiniki, motar nan zazzaɓi take yi ne?"

Ya ce, "Sanyin safiya ne. In ta yi ɗumi za ta daina."

Ta ce, "Ka kai ta wurin Baba Zakka mana, ya duba."

Ya ce, "Ke yaushe kika koyi mota? Ki yi shararki."

Baba Zakka shi ne tsohon makanikin garin da ke gindin dutse, kuma shi ne mutumin da Baban Afiniki ya fi tsoro a duniya. Ba don yana da faɗa ba. A bayan garejinsa akwai gawar wata mota, ta wanda ya koya wa Baban Afiniki tuƙi. Ita ma da 'yar rawar jiki aka kawo ta. Aka buɗe injinta, aka ga abin da aka gani, ba a sake rufe shi ba har yau. Ciyawa ta fito ta cikin tayoyinta, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Duk lokacin da Baban Afiniki ya wuce ta wurin yakan kau da kai. A ransa ya riga ya yanke cewa ba ciwo ne yake kashe mota ba, dubawa ce.

Saboda haka ya yi dabara. Ya lura cewa in ya ɗan taka totur, rawar takan ɓace a cikin ƙara. Sai ya buɗe bonet, ya nemo ɗan notin nan na jikin famfon mai wanda ake ƙara silo da shi, ya murɗa shi. Injin ya ɗaga murya, madubi ya tsaya cak. Ya rufe bonet, ya goge hannu, ya ce wa matarsa, "Kin gani? Na gyara."

Bayan 'yan kwanaki rawar ta dawo, ya ƙara murɗawa. Ta sake dawowa, ya sake ƙarawa. Har ya kai in motar tana tsaye a ƙofar gida sai mutum ya ɗaga murya kafin a ji gaisuwarsa. Maƙwabta suka fara cewa motar Baban Afiniki ta ƙara ƙarfi, shi kuma yana dariya yana amsawa. Amma ya daina kashe ta a kasuwa, don kada mutane su ji yadda take shan wahala kafin ta tashi. Abinci kuma ya daina yi masa daɗi.

Abu ɗaya ne ya riƙa kwantar masa da hankali. Da can motar tana shan baƙin mai, sai ya yi ta ƙarawa. Yanzu kuwa in ya zaro sandar gwaji sai ya ga man bai ragu ba, har ma ya ɗan haura alamar. Ya kira matarsa ya nuna mata, ya ce, "Dubi albarka. Motar da ba ta da lafiya ce za ta riƙa ƙara mai da kanta?" Ita dai ba ta san mota ba, kamar yadda ya faɗa, sai ta ce Allah ya sa haka ne.

Ranar wata kasuwa aka yi ruwa da rana, sa'an nan ya ɗauke. Da la'asar aka yi wa motar lodin taki, mutane suka hau bisa buhuna, Afiniki tana cikinsu a jikin wata gwaggonta. Matarsa ta zauna a gaba kusa da shi. Suka kama hawa.

Tun daga ƙasa ya san ba lafiya. Ya taka totur har ƙasa, amma motar tana jan jiki kawai. Wuraren da ta saba wucewa da giya ta biyu, yau tana nishi. Yana ta cewa a ransa, in dai mun wuce kwanar nan, gobe zan kai ta, gobe da sassafe. Da suka shiga kwanar sai ƙarfin ya ƙare. Ya taka kuloci don ya koma giya ta ɗaya, giyar ta ƙi shiga, injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Shiru ya sauka, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya fara murɗa notin nan. A cikin shirun ya ji motar ta fara komawa baya.

Ya miƙe tsaye a kan birki da dukan nauyinsa. Birkin ya yi tauri, ya rage gudun amma bai tsayar ba, ga laka, ga lodi. A baya mutane suka ɗauki ihu, wasu suna kiran sunan Yesu, wasu suna dirowa. A madubi, wanda yanzu ba ya rawa ko kaɗan, ya ga bakin kwazazzabo yana matsowa. Ya ga jan ɗankwalin Afiniki a bisa buhuna, gwaggonta ta ƙanƙame ta, sun kasa dirowa don gefensu ne gefen ramin.

Bai ga lokacin da matarsa ta buɗe ƙofa ba. Ta dira, ta sunkuci wani dutse da a ranar lafiya ba za ta iya ɗagawa ba, ta bi motar, ta cusa shi a bayan taya da hannu biyu. Taya ta hau dutsen, ta danne shi cikin laka tare da yatsunta na dama. Motar ta yi jinkiri, maza suka samu suka jefa nasu duwatsun, sai ta tsaya. Tsakanin tayar baya da bakin ramin, ko tabarma ba za a iya shimfiɗawa ba.

Aka sauke mutane, aka sauke taki, aka tura motar gaba kaɗan aka zaro hannun matar. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta fara tambaya shi ne, "An sauko da yarinyar?" Wani mai babur ya kai ta asibitin gari. Baban Afiniki kuwa ya zauna a laka a gefen hanya.

Washegari, bayan ya fito daga asibiti inda aka naɗe hannun matarsa, ya gangaro da motar ba kaya, ya shiga garejin Baba Zakka. Ya tsayar da ita kusa da gawar motar nan, don ba wani wurin. Tsohon ya fito yana goge hannu, ya saurari injin, ya ɓata fuska.

Ya ce, "Wa ya taɓa silon nan?"

Baban Afiniki ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, Baba."

Tsohon ya buɗe bonet. Ya ɗauki sifana ya mayar da notin inda yake tun farko. Ƙarar ta sauka, rawar ta fito fili, ta fi ta da muni, har bonet yana kaɗawa. Ya ce, "Yawwa. Yanzu take faɗin gaskiya. Da ihun da ka sa ta, ko ni ba zan ji kome ba."

Daga famfon mai akwai bututu shida na ƙarfe, kowane yana kai gas ga silinda ɗaya. Baba Zakka ya ce masa ya ja da baya, ya rufa tsumma a kan bututun farko, ya sassauta notinsa yadda gas zai tsiyaye waje maimakon ya shiga silindar. Nan take injin ya yi tuntuɓe, ya karkata, kamar zai mutu.

Baban Afiniki ya yi tsalle. Ya ce, "Baba, za ka kashe ta! Wannan ce, wannan ce mai ciwon!"

Tsohon ya ɗaure notin, injin ya koma ɗingishinsa. Ya ce, "Wannan lafiyarta ƙalau." Ya sassauta na biyu, injin ya sake tuntuɓe. Ya ɗaure, ya sassauta na uku, haka. Kowane tuntuɓe sai Baban Afiniki ya saci kallon motar da kaji suke ciki.

Sai aka zo na huɗu. Tsohon ya sassauta noti, gas ya jiƙa tsumma, amma injin bai ko gezau ba. Yadda yake bugawa kafin a taɓa, haka ya ci gaba. Baban Afiniki ya sauke ajiyar zuciya, karo na farko tun jiya. Ya ce, "Mun gode wa Allah. Ko ba kome wannan ɗaya tana da ƙarfi, dubi an taɓa ta ba ta ko motsa ba."

Baba Zakka ya ɗago ya dube shi. Ya ce, "Ɗana, wannan ce matacciyar. Waɗancan da na cire su, ai ka ji duk motar ta sani, domin suna ɗauke da kaya. Wannan kuwa na cire ta, ba wanda ya ji. Tana wurinta, tana hawa tana sauka tare da sauran, tana karɓar gas ɗinta daidai da kowa, amma ba ta kama wuta. 'Yan'uwanta biyar ne suke jan mota, suna jan ta ita ma."

Ya gwada sauran biyun, suka amsa. Sa'an nan ya kashe injin, ya zaro sandar baƙin mai, ya shafa a yatsa, ya kai hancin Baban Afiniki. Warin gas ne zalla. Baban Afiniki ya ce da ƙaramar murya, "Na ga yana ƙaruwa, na ɗauka albarka ce."

Tsohon ya ce, "Gas ɗin da ba ta ƙona ba, ina kake tsammani yake zuwa? Gangarawa yake yi cikin man, yana tsinka shi. Da ka ƙara 'yan kwanaki, da ƙarfe ya ci ƙarfe, da ba silinda ɗaya muke magana ba."

Baban Afiniki ya dubi injin. Ya ce, "Sai an buɗe ke nan?"

Tsohon ya ce, "Ban sani ba tukuna. In nozul ce, wato bakin da yake fesa gas a ciki, da sauƙi. In kuwa silindar ce da kanta ta lalace, sai an buɗe." Ya kwance nozul ta huɗu da ta uku, ya musanya musu wuri, domin a ga ko mutuwar za ta bi nozul ko za ta zauna inda take. Aikin bai daɗe ba, amma Baban Afiniki ya ji kamar wuni. Ya tsaya ya jingina da bango, leɓunansa suna motsi. Shekara da shekaru yana zama a bencin baya, sai ranar nan ya yi addu'a da gaske, a gareji.

Aka tayar. Tsohon ya sassauta na uku, injin bai ko gezau ba. Mutuwar ta bi nozul. Ya ciro ta ya nuna masa, bakinta ya toshe da baƙin gawayi, maimakon ta fesa sai ɗiga take yi. Ya sa wata mai kyau, ya zubar da tsinkakken man, wanda ya zubo kamar ruwa, ya zuba sabo. Da aka sake tayarwa, luguden ya cika, madubi ya tsaya a silo ba tare da ihu ba.

Baba Zakka ya miƙa masa sifana ya ce, "Zo ka gwada da hannunka." Baban Afiniki ya sassauta notin da ɗazu ba ya amsawa. Injin ya yi tuntuɓe, ya kusa mutuwa. Ƙarar da ta tsorata shi ɗazu, yanzu ita ce ta sa shi hawaye.

Ranar Lahadi ya zauna a bencinsa na baya. Matarsa tana gaba cikin zumuntar mata, hannunta a naɗe, biyu daga yatsunta ba za su sake lanƙwasawa ba. Mata suka tashi waƙa, tulu yana ajiye a ƙasa ba mai kaɗa shi. Suka fara, suka rikice, suka sake farawa, wasu suna gaba wasu suna baya. Duk coci aka ji, har yara suna waiwaye suna neman abin da ya ɓace. Baban Afiniki ya gane abin da yake ji, domin ya ji shi a gareji.

Sai ya tuna cewa a lokacin girbi ya yi makonni bai zo sujada ba saboda lodi, kuma da ya dawo ba wanda ya ce masa ina ka shiga. A lokacin ya ji daɗin haka. Yanzu kuwa tsoro ya kama shi, wanda ya fi na bakin kwazazzabo. Aka ce amin na ƙarshe, mutane suka fita ta gefensa, shi yana zaune.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake faɗa mana. Motar ita ce ikilisiya, kuma in kun so ku ce gidanku ne, ba ku yi kuskure ba. Silindodin mu ne. Kowannenmu an ba shi wurinsa, kuma kowane mako ana aiko masa da rabonsa na Maganar Allah daidai da na kowa. Amma ana iya samun mutum yana tashi in an tashi, yana zama in an zauna, yana karɓa, ba ya kama wuta. Ba ya ɓata wa kowa rai, shi ya sa muke cewa ai wane ba ruwansa, mutumin kirki ne. Mun yi kuskuren Baban Afiniki ke nan, mun ga wanda ba ya motsi mun ce shi ne mai ƙarfi.

Kada kuma wani ya ce, to, ko ban yi kome ba ai ban cuci kowa ba. Kun ji inda gas ɗin da ba a ƙona ba yake zuwa. Maganar da ka ji ka ƙi aikatawa ba ta ɓacewa, gangarawa take yi ta zama sabo da taurin zuciya, ta tsinka ƙaunar da ta hana mu cin juna. Wani lokaci ma har ka ga kamar ƙaruwa kake yi. Kuma kayan da ka ƙi ɗauka, wani ne yake ɗauka. A hanya mai laushi ba za a gane ba. Sai ranar hawa, ranar ciwo ko rashi ko tsanani, sa'an nan ƙarfin zai kasa, kuma sau da yawa hannun da yake shiga ƙarƙashin taya ba na mai laifin ba ne.

Na san abin da muke yi in mun fara jin rawar nan a cikinmu, don mun iya shi sarai. Mukan ƙara silo. Mu ƙara hidima, mu ƙara hira, mu ƙara rediyo, kome dai don kada a yi shiru mu ji kanmu. Muna tsoron Mai gyara fiye da ciwon, muna cewa in ya buɗe mu ba za mu sake rufuwa ba. Amma ku lura, abin da ya kusa hallaka ƙauye guda ɗan bakin ƙarfe ne da ya toshe, wanda aka gyara kafin rana ta yi tsaka. Ubangiji ba ya taɓa mutum don ya yar da shi a bayan gareji. Yana taɓa shi don ya sake kama wuta.

Saboda haka ba zan tambaye ku ko kuna zuwa coci ba, ga ku nan ina ganinku. Tambayar ita ce, in aka cire ka yau, wa zai ji? Akwai mara lafiyar da zai ce, yau wane bai leƙo ba? Akwai wanda addu'arka take riƙe da shi? In amsar ta ba ka tsoro, ka gode wa Allah, domin matacciyar silinda ba ta jin kome. In mun tashi, kada ka riga kowa fita. Ka zauna a shirun kaɗan, ka bar rawar ta fito, ka ce masa, Ubangiji, ga ni, sa hannunka ka fara da ni, tun ba mu kai kwanar ba.